Yadda Ake Kiwon Aladu Don Samar Da Naman Da Kasuwa Ke Nema

Ka yanki tsokar gadon baya kamar kaurin yatsa biyu, ka ɗora ta a kan faranti, ka bar ta a wuri mai sanyi na awa biyu ko uku. Idan ka dawo ka tarar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta, launinta ya koɗe ya yi fari-fari, ka danna da yatsa ta lotsa ba ta taso ba, to wannan nama ba zai sake kawo maka mai saye ba. Na taɓa gani da idona a kan aladun da na yi wata shida ina wahala da su. Sun yi girma, cinyoyi sun cika, sikeli ya faranta mini rai, amma mahaucin da ya karɓa ya kira ni bayan kwana biyu ya ce naman yana zubar da ruwa, yana ƙanƙancewa a wuta, masu saye suna ƙorafi. Da na bi diddigi, matsalar ta faro ne tun ranar da na sayi namijin barbara saboda kyan ƙirarsa kawai, ban tambayi komai game da jininsa ba.

Shi ya sa wannan bayani zai fara daga bakin mai cin naman, sannan ya dawo baya har zuwa ranar da za ka zaɓi iri. Wanda ya fara da sayen dabba sannan ya shiga neman kasuwa ya ɗauko aikin ta wutsiya.

Mataki na farko: ka san wanda za ka sayar wa

Kafin ka gina ɗaki ko ɗaya, je ka zauna da mutum uku ko huɗu da ke sayen aladu da yawa: mahauci, mai gidan abinci, mai sarrafa nama zuwa tsiran-alade ko naman gishiri. Ka tambaye su nauyin da suke so, yawan kitsen da suke karɓa, ko da rai suke saye ko sai an yanka an auna, da kuma guda nawa suke buƙata a mako. Ka tambaye su abin da ke sa su mayar da kaya. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran amfani.

Kasuwa ba iri ɗaya ba ce. Mai sayar da ɗanyen nama yanka-yanka yawanci yana son alade mai kilo 90 zuwa 110, tsoka da yawa, kitsen baya siriri. Mai sarrafawa yana son mai nauyi da kitse mai tauri wanda ba ya narkewa a hannu. A Italiya, cinyar da ake busarwa a yankin Parma daga aladu masu kusan kilo 160 take fitowa, kuma ba a yanka su sai sun kai wata tara. A Japan kuwa, masu saye na biyan kuɗi mai tsoka kan naman irin Berkshire, wanda suke kira kurobuta, saboda launinsa ya fi duhu kuma kitse ya ratsa cikin tsokar zare-zare. Duk aladu ne, amma abin da wannan ke yabo shi wancan ke kushewa. Ka zaɓi kasuwa ɗaya ka yi mata kiwo. Mai son ya gamsar da kowa yakan ƙare da dabbar da ba ta dace da kowa ba.

Ka kuma yi lissafin lokaci. Daga ranar barbara zuwa haihuwa kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Daga haihuwa zuwa nauyin yanka, wata biyar da rabi zuwa shida da rabi idan iri da abinci sun yi kyau. Ka ga kenan duk aladen da za ka sayar, kusan wata goma baya aka yanke shawararsa. Idan akwai lokacin da ciniki ke tashi a kasuwarka, daga nan za ka ƙirgo baya.

Mataki na biyu: zaɓen iri, inda ake cin riba ko a tafka asara

A nan zan daɗe, domin kuskuren da aka yi a nan abinci ba ya gyara shi.

Aikin uwa daban, aikin uba daban. Daga uwa ana neman yawan 'ya'ya, yawan nono, haƙuri da raino. Daga uba ana neman saurin girma da ingancin nama. Irin da suka yi fice wajen uwa su ne Large White, fari mai miƙaƙƙun kunnuwa da ya fito daga Yorkshire a Ingila, da Landrace, fari mai dogon jiki da kunnuwa masu rufe ido, wanda aka inganta a Denmark. Idan aka haɗa waɗannan biyun, 'ya'ya matan da suka haifa sukan fi iyayensu yawan haihuwa da juriya. Wannan ƙarfi ne da gauraya jini ke kawowa, kuma ya fi bayyana a abubuwan da suka shafi haihuwa da rayuwar jarirai.

Sai ka kawo namiji daga iri na uku ya hau waɗannan mata, duk abin da aka haifa, mace da namiji, na kasuwa ne. Idan ɗanɗano da laushi kasuwarka ke nema, ni Duroc nake ba da shawara, jan alade ɗan asalin Amurka. Yana girma da sauri, yana da ƙashi mai ƙwari, kuma yana ba 'ya'yansa kitsen cikin tsoka. Wannan kitse, idan ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ke sa nama ya yi romo a baki maimakon ya bushe kamar ɓawon itace. Berkshire ma yana ba da nama mai daɗi ƙwarai, sai dai girmansa a hankali ne kuma yakan tara kitsen baya, don haka bai biyan kuɗin abincinsa sai inda ake ƙara farashi saboda shi.

Idan kuma tsoka zalla ake biya, akwai Pietrain daga Beljiyam, fari mai dabbare-dabbaren baƙi, wanda cinyarsa ke cika kamar an hura. Amma a nan ne tarkon yake. A cikin wannan iri, da wasu zuriyoyin Landrace, akwai wata ƙwayar gado da ake kira ta halotan. Sunan ya samo asali ne daga iskar sa barci da ake shaƙa wa 'yan aladu a da don gwaji: mai ɗauke da ita sai jikinsa ya sandare. A 1991 masu bincike a Kanada suka gano ainihin inda matsalar take a ƙwayar halitta, kuma tun daga nan ana iya gwaji da ɗan gashi mai saiwa ko ɗan guntun fatar kunne. Alade mai wannan gado yana da tsoka sosai, amma ba ya jure firgici. Yana iya faɗuwa ya mutu a cikin mota, in kuma ya kai mayanka, namansa ne wanda na kwatanta a farko: fari, laɓo-laɓo, mai zubar da ruwa. Ko kwafi ɗaya kawai ya gada daga uba, ingancin naman yakan ragu. Yanzu akwai zuriyoyin Pietrain da aka tsarkake daga wannan ƙwaya. Ka nemi takardar gwaji kafin ka biya, kada ka yarda da maganar baki.

Hampshire, baƙi mai farar ɗamara a kafaɗa, shi ma yana da tasa. Wasu daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar gado da ake kira RN, wadda ke sa tsoka ta tara sukari fiye da kima, nama ya yi tsami da yawa bayan yanka, ya rasa nauyi wajen dahuwa. Masu sarrafa nama ba sa son wannan ko kaɗan. Ita ma ana gwajinta.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: ba kowace siffa ce ke bin jini daidai wa daida ba. Kaurin kitsen baya da kitsen cikin tsoka suna bin gado sosai, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin dabbobi daga jini yake. Saurin girma kusan kashi 30. Yawan 'ya'ya a haihuwa ɗaya kuwa kusan kashi 10 ne kawai, sauran kulawa ce da abinci da lafiya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ingancin nama za ka iya sayensa a jikin namiji ɗaya, amma yawan haihuwa sai ka nema da gauraya jini da kyakkyawar kulawa. Kuma tunda namiji ɗaya na iya hawan mata 15 zuwa 20, shi kaɗai rabin jinin garkenka ne. Idan za ka tsuke aljihu a wani wuri, kada ya zama a nan. Araha ba ta ado.

Mataki na uku: duba dabbar da kanka

Ko takarda ta yi kyau, ka sa a fito da dabbar ta yi tafiya a gabanka a kan daɓe. Ka dubi ƙafafu: ta taka da ƙarfi, kofato biyun su zo daidai, babu kumburi a gwiwa, ba ta tafiya kamar a kan ƙaya. Ciwon ƙafa na cikin manyan dalilan da ke sa a fitar da uwa daga garke tun ba ta biya kuɗinta ba.

Budurwa, wato macen da ba ta taɓa haihuwa ba, ka ƙirga kan nononta. Kada su gaza 12, in ka sami 14 ya fi, a jere sahu biyu da tazara daidai, babu wanda ya nutse ciki. Namiji ma ka ƙirga nasa idan kana da niyyar ajiye 'ya'yansa mata, don yana gadar da su. Marainansa su zama manya, daidai da juna, ba kumburi. Ka tambayi yawan 'yan'uwan da aka haife su tare da nauyinsa a wata biyar. Idan gonar na da na'urar auna kitse, a auna maka a daidai haƙarƙarin ƙarshe, santimita shida da rabi daga tsakiyar baya. Nan ne wurin da aka saba aunawa, shi zai ba ka damar kwatanta dabba da dabba.

Kada namijin ya zama yana da dangantaka da matanka. Barbara tsakanin uba da 'ya ko wa da ƙanwa na rage yawan 'ya'ya, yana kawo raunana da masu naƙasa. Kuma duk sabuwar dabba a killace ta nesa da garke na kwana 30, da takalmi da kayan aikinta daban.

Mataki na huɗu: barbara

Budurwa kan fara neman namiji tana wata shida ko kusa da haka, amma kada ka yi gaggawa. Ka bari sai nema na biyu ko na uku, tana wata bakwai zuwa takwas, nauyinta ya kai kilo 130 zuwa 140. Wadda aka ba ciki tana ƙarama takan haifi kaɗan, shayarwa ta tsotse ta, ta kasa komawa daidai. Namiji kuma kada ya fara aiki kafin wata takwas, kuma da farko sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Neman na dawowa duk kwana 21, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Alamarsa: gabanta ya kumbura ya yi ja, ta rage cin abinci, ta yi ta kai-kawo da gurnani. Tabbatacciyar alama ita ce ka danna bayanta da hannu biyu, namiji na kusa tana jin warinsa. Idan ta ƙame ta kafe ƙafafu, kunnuwa suka miƙe, ta ƙi motsi, lokaci ya yi. A kai ta ɗakin namiji, ba a kawo shi nata ba, a maimaita bayan awa 12 zuwa 24. Mai amfani da maniyyin da aka saya ya ajiye shi a sanyin digiri 15 zuwa 18 na ma'aunin Celsius. Firji na gida ya yi masa sanyi da yawa, yana kashe shi.

Kwana 10 zuwa 14 kafin barbara a ƙara wa budurwa abinci, hakan na ƙara yawan ƙwan da take saki. Da zarar an gama a mayar da ita kan kilo 2 zuwa 2 da rabi a rana, a bar ta cikin natsuwa, kada a haɗa ta da baƙi su yi faɗa a watan farko. Ka rubuta ranar. Bayan kwana 18 zuwa 24 ka sake gwada ta, idan ba ta nemi namiji ba, mai yiwuwa ciki ya shiga.

Zafi maƙiyi ne a wannan mataki. Alade ba ya gumi yadda zai sanyaya jikinsa. Namijin da ya sha zafi mai tsanani ko zazzaɓi, maniyyinsa kan lalace har tsawon makonni shida ko fiye, kana ganinsa garau yana hawa amma mata na dawowa ba ciki. Inuwa, iska mai ratsa ɗaki, da yayyafa ruwa da rana ba ƙawa ba ne.

Mataki na biyar: haihuwa da makon farko

Mako ɗaya kafin ranar, a wanke uwar a kai ta ɗakin haihuwa mai tsabta da ya bushe. A kafa ƙarfe ko katako a jikin bango, kamar santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa da kuma daga bango, inda jarirai za su fake idan ta zo kwanciya, domin danniya ce ta fi kashe su a kwana ukun farko. Idan ka matsa nono madara ta fito, haihuwa na cikin awa 24. Jarirai kan fito da tazarar minti 15 zuwa 20. Idan aka haura minti 45 tana yunƙuri ba abin da ya fito, a nemi likitan dabbobi ko wanda ya iya.

Kowane jariri a goge masa hanci, a tsane jikinsa, a kai shi ga nono. Dakashi, wato nonon farko, shi ne garkuwarsa, kuma hanjinsa na karɓar wannan garkuwa ne sosai a awannin farko kawai. A ware musu lungu mai ɗumi, digiri 30 zuwa 32, alhali uwar ta fi son 18 zuwa 22. Cikin kwana uku a yi musu allurar sinadarin ƙarfe, miligram 200, saboda nonon uwa bai da isasshe kuma a kan daɓe ba ƙasar da za su tona. A yi wa kowanne alama a kunne tun yanzu.

Ka auna su ranar haihuwa. Mai kyau na kai kilo 1.3 zuwa 1.5. Wannan ya shafi nama kai tsaye, don yawan zaren tsokar alade tun a ciki ake ƙayyade shi. Wanda aka haifa ƙasa da kilo ɗaya yana da ƙarancin zaren, yakan yi jinkirin girma ya kuma fi tara kitse. Don haka uwar da ke haifar 11 masu kai ɗaya ta fi mini wadda ke haifar 16 rabinsu 'yan firit.

Sai batun wari. Namijin da ya balaga ba a dandaƙe shi ba, namansa na iya tashi da wani wari mai kama da fitsari da zarar ya ji wuta. Sinadarai biyu ke kawo shi: androstenon da maraina ke samarwa, da skatol da ƙwayoyin cikin hanji ke samarwa, dukansu suna taruwa a kitse. Mai saye da ya gamu da shi sau ɗaya ba ya mantawa. Mafita ita ce dandaƙa cikin kwana bakwai na farko, da hannun wanda ya iya da maganin rage zafi, ko allurar hana wannan wari mai suna Improvac sau biyu, ta biyun mako huɗu zuwa shida kafin yanka, inda hukuma ta amince da ita. Ƙazantar ɗaki ma na ƙara skatol, har a jikin mata, idan suna kwanciya cikin kashinsu lokacin zafi.

Ana yaye a mako uku zuwa huɗu a manyan gonaki. Mai ƙaramin garke da ba shi da abincin jarirai mai kyau ya bari sai mako biyar ko shida. Uwa mai shayarwa na cin kilo 5 zuwa 7 a rana, tana shan ruwa lita 20 zuwa 30 ko fiye. Idan ba ta rame ba, takan sake neman namiji kwana huɗu zuwa bakwai bayan yaye.

Mataki na shida: abinci

Abinci na cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Yayayyu na buƙatar furotin kashi 18 zuwa 20, masu tasowa kusan 16, na ƙarshen kiwo kusan 14. Amma ba yawan furotin kaɗai ba, sinadarin laisin da ke cikinsa shi ke gina tsoka. Hatsi bai da shi da yawa, shi ya sa ake haɗawa da ƙuli-ƙulin waken suya da aka gasa. Idan laisin ya gaza, dabbar za ta ci ta ƙoshi amma kitse za ta tara. Iri mai kyau kan ci kilo 2 da rabi zuwa 3 don ya ƙara kilo ɗaya.

Alade ciki ɗaya gare shi, irin man da ya ci shi ke zama a jikinsa kusan yadda yake. Ka cika masa abinci mai man ruwa, kamar dusar shinkafa mai yawa ko ɗanyen man tsirrai, kitsensa ya yi laushi, ya ƙi yankuwa, ya yi saurin canja wari. Ka cika masa garin kifi a ƙarshe, namansa ya yi ƙarni. Don haka a makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe a janye garin kifi, a rage mai, a tabbata akwai bitamin E a haɗin, yana taimaka wa nama ya riƙe launinsa. Dandaƙaƙƙun maza sun fi mata ci da tara kitse, in da hali a raba musu ɗaki, mazan su riga fita kasuwa. Kowanne babba a ba shi fili kusan murabba'in mita ɗaya.

Ragowar abincin mutane da ke da nama a ciki kada ya shiga gonarka. Ta wannan hanya zazzaɓin aladu na Afirka ke tsallaka ƙasashe. An fara bayyana cutar a Kenya a 1921, ta isa ƙasar Jojiya a 2007, ta shiga Sin a 2018 ta hallaka aladu ba adadi. Ba ta da magani, kuma ƙwayarta na daɗewa a nama, a takalmi, a tayar mota. Mai saye da ke yawo gona-gona ya tsaya a bakin ƙofa, a fito masa da dabba. Aladu kuma su zauna a killace, kada su kai ga bayan gidan mutane, domin ta nan suke ɗaukar ƙwan tsutsar da ke fitowa a nama kamar ƙwayar shinkafa, kuma irin wannan nama na hukumar duba nama ne ta ƙwace. Duk maganin da ka ba dabba, ka karanta kwanakin da aka ce a jira kafin yanka, ka cika su.

Mataki na bakwai: ranar ƙarshe

Aikin wata shida na iya lalacewa cikin minti goma, kuma ga dalili. Tsoka na da sukarin da take ajiyewa. Bayan yanka wannan sukari na juyewa ya zama tsami a hankali. Ma'aunin tsami, wato pH, yana kusan 7 a jikin mai rai, ya sauko zuwa 5.5 ko 5.8 cikin awa 24. Haka ake so. Idan aka firgita alade dab da yanka, aka yi ta dukansa, ana ja yana ihu, jikinsa ya yi zafi, tsamin na sauka da gudu tun naman bai huce ba. Zafi da tsami tare sai su ɓata furotin, ya kasa riƙe ruwa. Sakamakon shi ne farin nama mai tsiyaya, ko da jinin dabbar tsarkakakke ne. Idan kuma wahalar doguwa ce, tafiyar yini guda, faɗa da baƙi duk dare, yunwa mai tsawo, sukarin ya ƙare tun da rai. Tsamin ba zai sauka ba, ya tsaya sama da 6, nama ya yi duhu, ya yi tauri, ya bushe a ido, kuma ba ya daɗewa yake lalacewa.

To ga abin yi. A janye abinci awa 12 zuwa 18 kafin yanka, har da lokacin tafiya, amma ruwa kada ya yanke. A yi lodi da sassafe ko da yamma. A kora su kaɗan-kaɗan, huɗu ko biyar, da faffaɗan allo a hannu, ba sanda ba, ba sandar lantarki ba. Matakalar hawa mota kada ta yi tsayi a miƙe, kada ta yi santsi. 'Yan ɗaki ɗaya su tafi tare, kada a gauraya su da waɗanda ba su sani ba. A mota kowanne ya sami wurin kwanciya. In an isa, a bar su su huta awa biyu zuwa uku, a yayyafa musu ruwa idan ana zafi. Bayan yanka a gaggauta fiɗa da sanyayawa har tsakiyar cinya ya sauko digiri 7, kada a jibge gawa kan gawa.

Ina roƙonka ka raka kayanka mayanka, aƙalla sau biyu ko uku na farko. Ka ga yadda ake sauke su, ka ga bayan da aka tsaga, ka sa ma'auni a kitsen da hannunka.

Mataki na takwas: mayar da abin da ka gani cikin garke

Kowace uwa ta sami katinta: ranar barbara, namijin da ya hau ta, yawan waɗanda aka haifa da rai, nauyinsu, yawan da aka yaye. Kowane rukuni da ya fita kasuwa ka rubuta kwanakinsa, nauyinsa da rai, da nauyinsa bayan fiɗa, wanda yakan kai kusan kashi 75 cikin 100.

Ka kuma yi gwajin ruwa da kanka, ba ya buƙatar kayan tsada. Washegarin yanka ka karɓi yankan gadon baya, ka auna shi a ƙaramin sikeli, ka rataye shi da zare a cikin leda yadda ba zai taɓa ledar ba, ka sa a firji kwana biyu, ka sake aunawa. Ragin kashi 2 zuwa 4 ba laifi. Idan ya wuce 5 ko 6, ka duba lambar kunne. In 'ya'yan namiji ɗaya ne ke ta maimaita haka alhali an kai su tare da sauran a mota ɗaya, laifin jini ne, a gwada shi ko a canja shi. In kuwa duk rukunin ne, ka koma kan lodi da mayanka.

Mai saye babba ya fi son wanda zai kawo masa kaya iri ɗaya a kan kari fiye da wanda zai kawo masu kyau sau ɗaya ya ɓace. Uwa 10, kowace ta haihu sau biyu a shekara ta yaye tara, aladu 180 kenan, kusan 15 a wata, amma sai idan ka rarraba barbararsu rukuni-rukuni maimakon su haihu lokaci guda. Ka yi wa mai saye alkawarin abin da bai kai wannan ba, don rashin ciki da mutuwa ba sa sallama.

Uwa ta fi bayarwa daga haihuwa ta uku zuwa ta biyar. Bayan ta shida ko ta bakwai 'ya'yan kan fara bambanta a girma, danniya ta ƙaru, sai a fitar da ita. Wadda aka hau sau biyu a jere ba ta ɗauka ba, ita ma ta tafi. Madadinsu kuma kada ka ɗebo daga 'ya'yan Duroc ɗin da ka haifa don kasuwa, duk kyan da suka yi maka a ido. Ka koma ga haɗin Large White da Landrace, ka sayi 'yan matan tun saura wata biyu kafin ka buƙace su, don su gama kwanakin killacewa su saba da gonar kafin nemansu na biyu ya zo.